Yadda ake kallon baƙin tsuntsaye da ɗaukar hotonsu a lambun gari kafin su tashi a bazara

Daga tsakiyar watan Maris, idan hunturu ya janye, zafi ya fara dukan ƙasa, akwai baƙin da ke ɗaure kayansu za su bar mu, alhali yawancinmu ba mu ma san sun sauka ba. Ƙananan tsuntsaye ne masu waƙa da aka ƙyanƙyashe a Turai da yammacin Asiya. Sun iso mana a watannin Satumba da Oktoba, sun yi rani tare da mu, yanzu kuma za su sake tsallake Sahara su koma inda za su yi sheƙa. Masana sun ƙiyasta cewa sama da biliyan 2 ne ke shigowa Afirka daga Turai kowace shekara. Wani daga cikinsu bai wuce giram 9 ba, amma zai keta hamada mai faɗin da ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000.

Ba sai ka je dausayin Haɗejiya da Nguru kafin ka gan su ba. Suna cikin gari: a gidan zu na Audu Bako da harabar Jami'ar Bayero a Kano, a Samaru ta Zariya, a lambun namun daji na Jos, a Millennium Park da bakin tafkin Jabi a Abuja, a lambunan bakin kogi a Yamai. Makonni shida na bazara, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu, su ne lokacin da ya fi. A lokacin ne mazan suka sake gashi suka yi kwalliyar aure, wasu sun fara gwada murya, kuma dukkansu sun duƙufa cin abinci ba ji ba gani, don su tara kitsen da za su ƙona a hanya. Wannan cin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa a ƙasa. Wanda ya san abin da tsuntsun ke ci ya san inda zai same shi.

Da farko, zaɓi bishiya

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya nufi inda inuwa ta fi yawa. A garuruwanmu inuwa ta dogon yaro ce, wato darbejiya, sai kuma turare da aka jera a bakin hanyoyi. Waɗannan bishiyoyi baƙi ne a ƙasarmu, ƙwari ba su cika zama a kansu ba, don haka tsuntsayen da muke nema ba su cika tsayawa a can ba. Kana iya yin awa guda a ƙarƙashin darbejiya ka tashi da kurciya da hankaka kawai.

Nemi bishiyoyin gida, musamman masu ƙaya. Gawo ne kan gaba, domin shi kaɗai yake yin ganye da rani ya zubar da damina, saboda haka yana cike da tsutsotsi da ƙananan ƙwari daidai lokacin da baƙin suke nan. Bayansa sai aduwa, bagaruwa, farar ƙaya da magarya. Ɓaure ko ceɗiya mai nunannun 'ya'ya ma taska ce, haka ɗorawa idan ta yi fure. A Jos da Abuja, inda gawo bai da yawa, duba kurmin lantana mai ƙananan baƙaƙen 'ya'ya, da bakin rafi, da inda dogayen bishiyoyi suka haɗu da fili. A gefen tafkin Chadi, a Malam Fatori, masu bincike sun auna irin waɗannan tsuntsaye tun a shekarun 1960, suka ga yadda suke ƙiba da 'ya'yan bishiyar asuwaki kafin su tashi. Wani yakan kusa ninka nauyinsa.

Abu na biyu bayan bishiya shi ne ruwa. A watan Afrilu a Kano zafi yakan kai digiri 40, kuma duk inda famfo ke yoyo, ko mai ban ruwa ya bar tiyo a kan ciyawa, ko wata 'yar lamba ta taru, to tsuntsu zai zo. Ka ware rana guda ka zaga lambun ba tare da kyamara ba. Ka ƙirga gawo nawa ne, ina ruwa yake, ta ina rana ke fitowa. Ka gaisa da mai gadi da masu kula da shuke-shuke, ka faɗa musu abin da ya kawo ka, ka tambayi lokacin da ake buɗe ƙofa da ko ana biyan wani abu kan kyamara. Waɗannan mutane sun fi kowa sanin wurin. Sau da yawa "Baba, ina tsuntsaye suka fi taruwa da safe?" ta fi taswira amfani.

Kayan da za ka ɗauka

Madubin hangen nesa ya fi kyamara muhimmanci, kuma ina faɗin haka da gaske. Mai lamba 8x42 ya wadatar: yana kusanto da abu sau 8, yana shigar da haske sosai, kuma hannu ba ya rawa da shi kamar mai lamba 12. Ko na hannu ka samu, in dai idanun biyu suna haɗuwa su ba ka hoto ɗaya, ya yi.

Kyamara kuwa, tsayin gilashinta ne abin dubawa. Ƙasa da milimita 300 tsuntsun zai fito kamar ɗigo, 400 zuwa 600 ne ke ba da abin da ake so. Idan kuɗin babbar kyamara ya yi yawa, akwai masu gilashi a haɗe da ke zuƙo nesa sosai, irin su Nikon P950 da Canon SX70, kuma da hasken da muke da shi suna aiki da kyau. Mai waya kaɗai ma ba a bar shi a baya ba: ɗora idon wayar a kan idon madubin hangen nesa, ka jingina gwiwar hannu a kan benci, za ka samu hoton da zai isa a gane tsuntsun ko da bai isa a rataye a bango ba.

Sa tufafi ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu. Farar shadda mai sheƙi ana hango ta daga nesa, kuma wagambari mai sitaci yana ƙara duk motsin da ka yi. Ɗauki hula, ruwan sha, ɗan littafi da biro, da batir na biyu. Ƙura ba ta gama tafiya a Maris ba, don haka kada ka cire gilashin kyamara a fili, ka haɗa shi tun daga gida.

A waya ka saukar da manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell, mai taimakawa wajen gane tsuntsaye, tare da kundin tsuntsayen yankinmu, tun kana inda intanet ke da ƙarfi. Kyauta ce, kuma tana karɓar sunan kimiyya idan ka rubuta.

Lokacin fita

A ƙarshen Maris rana tana fitowa a Kano wajen ƙarfe 6:30. Ka yi asuba ka kama hanya, ka kasance a gindin bishiyarka kafin ta ɓullo. Yawancin waɗannan tsuntsaye da dare suke tafiya, da gari ya waye su sauka da yunwa, shi ya sa bishiyar da jiya ba kowa a kanta yau za ka tarar da ita cike. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9 ne kasuwar ke ci. Bayan ƙarfe 10 tsuntsu ya shige inuwa, haske ya yi kaifi, kuma hucin da ke tashi daga ƙasa yana dagula hoton duk abin da ke nesa, komai tsadar kyamararka. Akwai dama ta biyu bayan la'asar, daga ƙarfe 4:30 zuwa faɗuwar rana, musamman a bakin ruwa. Idan bazara ta haɗu da azumi, fitar safe ta ishe ka.

Yadda ake nemo shi da ido

Tsaya rana tana bayanka, tazarar taku goma sha biyar daga bishiyar, ka yi shiru na minti goma. Da isowarka komai zai ɗauke, sannan a hankali harka ta dawo. Kada ka fara leƙe da madubi. Buɗe ido ka kalli bishiyar gaba ɗaya, kana jiran ganyen da ya motsa alhali ba iska. Da ka ga motsin, kafe ido a wurin, ka ɗago madubin ya zo ya sami idonka ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Wanda ya kalli madubin kafin ya ɗaga shi ya riga ya ɓatar da tsuntsun. Ka gwada wannan a gida da ƙusa a bango ko kan eriya har hannu ya saba.

Da ka same shi, bi shi daga baki zuwa wutsiya. Baki siriri ne ko kauri, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe? Akwai farar gira? Wane launi ne maƙogwaro? Akwai fari a fiffike? Me yake yi da wutsiyarsa? Wannan na ƙarshe yakan warware rabin matsala. Faɗi abin da ka gani a hankali da bakinka, sannan ka rubuta, kafin ka buɗe waya. Idan ka fara duba hotuna, ƙwaƙwalwa za ta nuna maka abin da ba ka gani ba.

Kafin ka gane baƙo sai ka san ɗan gida. Macen sha-kauci ƙarama ce mai ruwan toka-toka kamar baƙin, amma bakinta a lanƙwashe yake. Kabare da jan baki da kanari bakinsu gajere ne mai kauri, na fasa tsaba. Baƙin da muke nema kusan duk bakinsu siriri ne, na tsintar ƙwari.

Ga waɗanda za ka fi haɗuwa da su, da sunayen da nake kiransu da su, da na kimiyya don nema a manhaja.

Mai farin maƙogwaro, Curruca communis, shi nake so kowa ya fara da shi. Yana bin ƙaya da ƙananan sarƙaƙiya, namijin kansa ruwan toka ne, maƙogwaro fari fat, fiffike ja-ja kamar tsatsa. Labarinsa ya ɗaure mu da Turai fiye da yadda ake zato. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga fiye da kashi biyu cikin uku na wannan tsuntsu bai koma ba, daga baya aka gano farin da ya fara a yankin Sahel ne ya cinye su, farin nan da ya tsananta a farkon shekarun 1970 ya hallaka dabbobi da mutane a ƙasashenmu. Duk lokacin da na gan shi a kan magarya sai na tuna cewa abin da ya taɓa gonar manomi a Damagaram ya taɓa shi ma.

Mai jan wutsiya, Phoenicurus phoenicurus, yakan zauna a reshen ƙasa cikin inuwa yana karkaɗa wutsiya ja kamar garwashi. Namijin a bazara fuskarsa baƙa, goshi fari, ƙirji ruwan lemo. Ɗan ganye, Phylloscopus trochilus, shi ne mai giram 9 ɗin nan, kore-kore da ruwan ɗorawa kaɗan da siririyar gira, ba ya tsayawa wuri ɗaya a saman gawo. Kafin ya tashi yakan saki wata waƙa mai taushi da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Mai kaɗa wutsiya ruwan ɗorawa, Motacilla flava, a ƙasa yake tafiya, a jiƙaƙƙiyar ciyawa ko tsakanin ƙafafun shanu, kuma mazan a wannan lokaci kawunansu sun bambanta, wani shuɗi-shuɗi, wani toka, wani baƙi, gwargwadon ƙasar da zai koma.

Makaman ƙuda iri biyu ne. Muscicapa striata ruwan toka ne, yana zama a miƙe a busasshen reshe, ya zabura ya cafke ƙwaro a iska ya dawo inda ya tashi, kuma yana cikin na ƙarshen wucewa, har cikin Mayu. Ficedula hypoleuca yana da fari a fiffike, namijin kan rikiɗe baƙi da fari dab da tafiya. Shi da mai farar gira, Saxicola rubetra, wanda ke ɗarewa kan kara ko shinge a fili, an fi samunsu a Jos da Abuja, sai dai idan tafiya ta kankama suna ratsa arewa. A cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos an sa wa masu farar gira alama, aka ga suna dawowa ɗan filin da suka yi rani a kai bara, aka kuma bi sawun wasu har gabashin Turai.

Ɗaga kai lokaci zuwa lokaci. Tsattsewa mai doguwar wutsiya mai rassa biyu tana wucewa garke-garke, ita ma arewa ta nufa.

Merlin tana sauraron murya ta faɗi sunan tsuntsu, kuma ta fi sanin muryoyin na Turai a kan namu na gida. Ɗauki abin da ta faɗa a matsayin shawara, ka tabbatar da idonka.

Sai kyamara

Saita ta tun kafin tsuntsu ya bayyana. Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa ga wanda ke zaune, ga ɗan ganye da ba ya natsuwa kuwa ka kai 1/2000. Buɗe ƙofar haske zuwa f/5.6 ko f/6.3, idan rana ta ɗaga ka rage zuwa f/8. Bar ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, ya zaɓi kansa, ka sa masa iyaka a 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi, wanda motsi ya dagula kuwa ya tafi ke nan. Kunna saitin da ke bin abu mai motsi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo ko Servo a Canon, kuma cikin ɗigogin da kyamara ke kama abu da su don ya fito ras, ka zaɓi ɗigo ɗaya tak a tsakiya. Idan ka bar kyamara ta zaɓa da kanta a cikin ƙaya, za ta kama reshe ta bar tsuntsu. Kunna ɗauka a jere, amma ka riƙa saki uku-uku ko biyar-biyar.

Ɗora ɗigon a kan ido. Idan ido ya fito ras, da ɗan ƙyallin rana a cikinsa, hoton ya rayu ko da wutsiya ta ɗan dushe.

Sararin samaniyarmu a Maris fari ne saboda ƙura, kuma shi ne babban abokin gaba. Tsuntsu a saman bishiya da farin sama a bayansa zai fito baƙi ƙirin. Ƙara haske da +1, wani lokaci har +2. Abin da ya fi wannan shi ne ka matsa taku biyu hagu ko dama har wata bishiya mai nisa ta zama bayansa, sai ka ga launinsa ya fito, bayan kuma ya narke ya zama kore mai laushi. Ga na ƙasa irin su mai kaɗa wutsiya, durƙusa ko ka zauna dirshan, kyamara ta yi daidai da tsayinsa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana nuna bayan tsuntsu ne kawai da ƙasa.

Bin tsuntsu ba ya haifar da hoto. Zama ne ke haifarwa. Makamin ƙuda zai dawo reshensa, don haka saita kyamara a kan reshen ka jira. Mai jan wutsiya yana da wurare biyu ko uku da yake zagayawa. A bakin ruwa kuwa, zauna tazarar mita 6 zuwa 8, ka jingina da gindin bishiya don siffarka ta ɓace, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. Cikin rabin awa za su manta da kai. Idan dole ka matsa, kada ka nufe shi kai tsaye. Bi ta gefe, a hankali, kana kallon wani wuri, ka tsaya duk lokacin da ya daina ci.

Wannan daina cin shi ne iyaka, kuma a nan ba na sassauci. Tsuntsun da ya ɗago kai ya miƙe yana kallonka ya bar aikin da rayuwarsa ta rataya a kai. Kowane tashi da ka sa shi yi kitse ne ya ƙone, wanda zai nema a tsakiyar hamada ya rasa. Kada ka kunna masa muryar ɗan'uwansa a waya don ya fito, kada ka jefa dutse a sarƙaƙiya, kada ka karya reshe don hoto ya yi kyau, kada ka haska masa fitilar kyamara. Idan yara masu danƙo suka taru, kuma za su taru, kada ka nuna musu bishiyar da yatsa. Kira su gefe, ka ba su madubin su leƙa kurciya ko alhudahuda, ka gaya musu daga inda ƙaramin nan ya zo. Na ga yaron da ya mayar da danƙonsa aljihu bayan ya ga idon tsuntsu a kusa.

Ka kula da kanka ma. Doguwar kyamara tana jawo tambaya, musamman a Abuja. Kada ka juya ta wajen bariki, ofishin gwamnati, shingen jami'an tsaro ko gidan mutane, kuma kada ka ɗauki iyalan da suka zo shan iska. Riƙe katin shaidarka, kuma duk wanda ya tambaya ka nuna masa hotunan da ke ciki ba tare da musu ba. Fita ku biyu ta fi, musamman ga mata.

Bayan ka dawo gida

Zuba hotunan a kwamfuta a ranar, ka share marasa kyau ba tausayi, amma ka bar duk wanda ya nuna fiffike, wutsiya ko ƙafa sosai, domin su ne ke raba tsuntsaye masu kama da juna. Yanke hoto daidai gwargwado, ka bar fili a gaban bakin tsuntsun. Kada ka ƙara launi har ya wuce yadda Allah ya yi shi, don wani zai dogara da hotonka ya gane nasa.

Duba ƙafafu da kyau. Idan ka ga zoben ƙarfe ko na roba mai launi, zuƙo hoton ka karanta abin da za ka iya. Zoben ƙarfe yana ɗauke da lamba da sunan cibiyar da ta sa shi, kuma idan ka aika musu ko ka tura wa masu bincike na Jos, za a iya gano inda aka kama tsuntsun da ranar.

Sannan ka shigar da jerin abin da ka gani a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke adana abin da suka gani, da wuri da lokaci da adadi. Akwai kuma shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, wanda ya raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai suna tura bayanai ta manhajar BirdLasser. Ta nan ne za ka haɗu da masu wannan sha'awa a jiharka. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka sa masa suna, tura hoton a duba maka.

Koma bishiyar nan sau biyu a mako har ƙarshen Afrilu, kana rubuta ranar da ka ga kowane tsuntsu a karo na ƙarshe. Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya tana faɗowa a Asabar ta biyu ta Mayu, amma a wurinmu kafin nan yawancinsu sun tafi, gawo ya fara shirin zubar da ganye, shamuwa ta iso daga kudu tana gyara sheƙa a kan tsamiya. A shafin ƙarshe na littafinka ka rubuta sunan bishiyar da inda take, ka bar fili a ƙasa don ranar farko da mai jan wutsiya zai sake sauka a kanta a watan Oktoba.